Faɗuwar Bahago

Zuwa ga Yayana Kofur,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Ya aiki, ya ƙafar? Tunda ka rantse ba za ka riƙe waya ba, ga takarda ta hannun direban da ke kawo muku tayoyi.

Yaya, fim ɗin da na daɗe ina damunka da shi ya tashi. Labarin soja ne da ya dawo daga yaƙi, ba ya kula kowa, unguwa na ce masa mahaukaci, har ranar da 'yan daba suka taɓa wata tsohuwa, ya tashi ya doke su goma sha biyu shi kaɗai. Irin jarumin nan da ake tsoro kuma ake so. Kai ne, ba sai na ɓoye maka ba. A tsakiya za mu nuna ranar gada yadda ka ba mu labari shekara goma sha ɗaya da suka wuce: kai ka tsaya, abokinka Bahago ya yar da bindiga ya ruga, harsashi ya same shi a baya. Matsalata 'yan wasan, suna riƙe bindiga kamar tsintsiya. Ka zo ka koya musu, sati ɗaya kacal.

Ƙaninka,
Auta

*

Auta,

Na amsa gaisuwa. Ƙafa da sauƙi in ba a yi ruwa ba.

Su goma sha biyu, ni kaɗai! Shekaranjiya tayar tirela ta fashe a bakin rumfa, sai daga ƙarƙashin bencin faci aka zaro ni, da baƙin mai har cikin kunne. Mai sayar da batir ya yi dariya har da riƙe ciki. Wannan ne jarumin naka. In gaskiya kake so, ka nuna mutum zaune yana kallon bango tun safe har azahar, mu ga wanda zai kalla.

Zan zo, don kada ka ji kunya a gaban mutanenka. Amma ka cire Bahago. Yana da mata, yana da 'ya da ta kai sha huɗu yanzu. A bar kaza cikin gashinta. Ba roƙonka nake ba, faɗa maka nake.

Ka gaida iyali.
Yayanka

*

Yaya,

Ina gaisuwa, amma raina a ɓace yake, gara in faɗa.

Na san ban cire Bahago ba, na dai canza masa suna. Jarumi ba ya fitowa sai an ajiye matsoraci kusa da shi, haka sana'ar take. Kwana uku kana koya musu lafiya lau, har sun fara ce maka Baba. To me ya same ka ranar Laraba?

Mai kwalliya ta ɗaura wa ɗan wasan ledar jan ruwa a gadon baya, ya ruga, aka fasa ledar, ya yi sama ya faɗi ruf da ciki. Kowa ya tafa. Sai kai ka shigo gaban kyamara kana ihu: “Ba haka ba! A ƙirji! Ku mayar da jinin ƙirji!” Ka fizge ledar, ka manna masa a hagu da hannunka, ka juyo da shi ya fuskanci gadar. Ka ce, “Ba tsalle ake yi ba, zama ake yi, kamar wanda ya gaji.” Ka zaunar da shi a hankali, kana riƙe da kansa, har sai da ya ce, “Baba, wuyana.” Daga nan ka fita ko jakarka ba ka ɗauka ba.

Na ce wa mutane tsohon ciwo ne ya motsa, suka yarda. Ni ne ban yarda ba. Na mayar da hoton baya na kalla ya fi sau ashirin. Yaya, mutumin da ya juya baya yana gudu, ta yaya harsashi zai same shi a ƙirji?

Ina jiran amsa.
Auta

*

Auta,

Sallama. Ka yi tambaya, zauna ka karanta.

An ce mu biyu mu tsare bakin gada har motar masu rauni ta ƙetare. Da wuta ta yi wuta, ni na yar da bindiga. Na faɗa kwalbati, a nan na karya ƙafar da kuke ta yi wa sannu. Daga ciki ina hango shi a tsaye, yana canza harsashi da hannun hagunsa, yana kiran sunana. Ba zagina yake ba. Ya zaci an harbe ni ne, nemana yake. Mota ta wuce, shi kuma ya zauna.

Da aka zo tambaya, ni kaɗai na rage mai baki. An tsinci bindiga ɗaya a yashe, dole ta zama ta wani. Na ce tasa ce. Gawar ba ta dawo ba balle a duba. Aka ƙara min igiya, Inna ta yi ta sa min albarka, kai kana ta kai ni wurin abokanka ana kallona.

Na ji an ce 'yarsa ta daina zuwa makaranta wata biyu saboda ana kiranta 'yar mai gudu. Na ji, na ci abinci a ranar, na ƙoshi. Tsoron da ya jefa ni kwalbati bai taɓa sakina ba, kuma ina jin kunyar kaina fiye da yadda za ka ji kunyata.

Fim naka ne, ka yi yadda ka ga dama. Na rubuta wa matarsa duk abin da na rubuta maka, direba ya tafi da ita tun safe.

In har yanzu kana amsawa,
Yayanka

*

Kofur,

Na amsa sallamarka, don ba a ƙin amsa sallama.

Na karanta. Shekara goma sha ɗaya hotonsa na ƙasan akwati, ni da hannuna na kife shi. Duk ranar da yarinyar ta tambaye ni wane irin mutum ne ubanta, sai in ce ta je ta yi wanke-wanke.

Ban nuna mata takardar ba, kuma ba zan nuna ba. Ka zo ranar Asabar da hantsi, ka tsaya a gabanta ka faɗa da bakinka, tun daga inda ka yar da bindiga. Kada ka riƙo mana komai. Maganar yafiya kada ka taso da ita, wanda za ka roƙa ba ya gidan nan.

Ka shirya tun daga hanya, fuskarsa ce da ita sak.

Matar Bahago