Ƙafar da Ta Saba Ɗagawa

Asabar, 7 ga Oktoba

Injin ya zauna a cikin 'yar motata Mehran yau. Na babbar mota ne da ta yi hatsari, na samo wurin 'yan gwangwan. Ustad Shafkat mai walda ya ce kamar an sa wa akuya zuciyar bijimi. Shi dai bakinsa ba ya hutawa, amma hannunsa na da kyau.

Shekara talatin ina tuƙa mai kamfanin fanka a garin nan na Gujranwala. Kalma ɗaya na fi ji a rayuwata: "A hankali, Mushtak." Yanzu na yi ritaya, motar tawa ce, garejin nawa ne. A watan Disamba za a rufe titin sabuwar unguwa a yi tsere, mota biyu-biyu, mita ɗari huɗu a miƙe. Sau ɗaya nake so in taka totur har ƙasa ba mai ce min komai. Sau ɗaya tak.

Laraba, 11 ga Oktoba

Mai kuɗi ƙarfi yake saya, talaka nauyi yake ragewa. Mun cire kujerar baya, safaya, kafet, rediyo, har gilasan ƙofa. Duk abin da ya fita sai 'yata Rubab ta ɗora a sikeli. Ita ta yi wayarin ɗin duka bayan ta taso daga koya wa mata tuƙi. Ban san inda yarinyar nan ta iya ba. To, na sani.

Matata Nusrat ta leƙo da shayi, ta ga kujerar da ta shigo gidan nan a kai tana amarya an jingine ta da bango. Ta ce, "Baban Rubab, saura ni za ka ɗora a sikelin."

Lahadi, 22 ga Oktoba

Shafkat ya zagaya motar, ya ce ba sauran abin cirewa sai guda ɗaya. Na ce mene ne. Ya buga min ciki. Rubab ta juya baya wai tana neman sifana, kafaɗunta na rawa.

Na daina cin paratha, gurasar nan mai maiƙo, da safe.

Juma'a, 3 ga Nuwamba

Yunwa. Tsawa na yi wa Nusrat kan gishiri, alhali miyar lafiya lau.

Talata, 14 ga Nuwamba

Kujerar direba ta zo, ta roba, ba nauyi. Ƙarfen da ake zame kujera gaba da baya a kai mun jefar tuni. Masu tsere sun ce dole a ɗaure ta a ƙasan mota da noti huɗu, ba motsi. Shafkat ya ce in auna da kyau, ƙasan ya ci tsatsa, da ƙyar zai ɗauki huda ɗaya bayan ya yi masa faci. Inda aka huda, nan ta zauna har abada. Kafin nan mun tokare ta da katako don gwaji.

Lahadi, 19 ga Nuwamba

Gwaji, bayan asuba, a titin bakin kwata inda ba kowa.

Zan rubuta yadda ya faru, tunda ba mai karantawa. Ta tashi da kyau. Ƙarar ta shiga min har haƙori, na sa giya ta biyu, ta uku, zuciyata fes. Sai kawai na ji motar ta lafa. Na zaci mai ne ya yanke. Na dawo na buɗe gaba, na duba komai, na sake. Ta kuma lafawa a daidai wurin. Karo na uku na kalli ƙasa, sai na ga ƙafata ce. Da allura ta wuce tamanin, ƙafar ke ɗagawa da kanta. Ban ce mata ba. Ba kowa a baya, kujerar bayan ma babu, amma ƙafar tana jin muryar mai kamfanin nan.

Na ce wa Shafkat kafireto ne. Ya ce eh, wataƙila. Bai yi zolaya ba, abin da ya fi min ciwo ke nan.

Rubab ta ce bari ta ji yadda yake yankewa. Ta cusa matashi biyu a bayanta don ƙafarta ta kai, ta ɗaure mayafi a ƙugu. Na tsaya a bakin titi. Ban taɓa jin motata daga waje ba. Ƙarar ta tafi a miƙe, ba ta karye ko sau ɗaya ba, har ta ɓace bayan bishiyoyi. Shafkat na riƙe da waya yana auna lokaci. Ya duba, ya mayar aljihu, ni ma ban tambaya ba.

Da ta dawo ta fito tana haki, fuskarta kamar ranar da ta fara tafiya. Ta dube ni, ta gyara fuskar, ta ce, "Abbu, ni ma na ɗan ji yana yankewa."

Ƙarya take yi, don ni.

Litinin, 20 ga Nuwamba

Ban shiga gareji ba.

Alhamis, 23 ga Nuwamba

Nusrat ta san komai, Shafkat ya gaya wa matarsa. Na zaci za ta kawo maganar dangi, da abin da 'yan uwanta za su ce idan aka ga 'yarta cikin samari a titi. Ta kawo, amma sama-sama. Daga baya tana tsince shinkafa ta ce ƙafar da nake zagi ita ta dawo da ni gida shekara talatin, kuma ita ba ta da ƙorafi a kanta. Na ce ba wannan ake magana ba. Ta ce ta sani.

Haushi nake ji, kuma ban san na wa ba. Na gina abu da hannuna ya fi ƙarfina. Ina kishin 'yata, Allah ya yafe min. Ina kuma so in tare duk wanda na gani a hanya in ba shi labarin yadda ta shiga giya ta uku.

Rubab ta zana min alli a ƙasan motar inda za a huda, daidai tsawona, ta tafi aiki.

Asabar, 25 ga Nuwamba

An huda. Shafkat ya zo da injin huda, ya durƙusa kan allin Rubab. Na ce ya matsa gaba. Ya ce nawa? Na nuna masa da tafin hannu, ɗaya da rabi. Ya ɗago ya dube ni, na ce ƙarfen wajen ya fi kauri. Ya ƙwanƙwasa, duk ɗaya ne, ya ce, "Gaskiya ne, Malam Mushtak, ya fi kauri."

Da ya tafi na gwada shiga. Gwiwata ta tokare sitiyari, cikina ya ƙi wucewa. Na daɗe rabi a ciki rabi a waje, sannan na fito.

Ba ta dawo daga aiki ba tukuna, ba ta gani ba. Gobe zan shiga kasuwa neman hular kwano. Wadda na saya za ta yi mata yawa.