Batirin da Aka Canza a Ƙofar Masallaci

Litinin da dare, Nima

Har yanzu raina a ɓace yake. Yau masu doya na Old Fadama suka dawo mana da fitilun sola goma sha biyu, duk batirinsu ya kumbura. Masa Awudu (wato Master, kamar yadda muke kiransa), mai shagonmu, ya juyo kaina a gaban kowa: "Rabi, ba ke ce ke riƙe da fayil ba?"

Ni ce mana. Duk fitilar da muka haɗa, ni nake rubuta irin batirinta da saitin cajin da ya dace da shi. Na buɗe kwamfuta na nuna masa, babu canjin da aka kawo mini.

Ashe ranar Juma'a, da aka idar da salla, shi da masu haɗa fitilun suka tsaya a ƙofar masallaci suka yanke shawarar komawa wani batiri mai araha. Ni ina gida. Na ci gaba da loda tsohon saiti.

Wai ai kowa ya sani. Wai da na tambaya.

Na ƙyale shi don ya girme ni. Amma fisabilillahi, Masa, wa zan tambaya? Liman?