Hannun Inna

Makarantar Koyon Jinya, Jega.
Watan Yuli.

Zuwa ga ƙanena Ɗalhatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya kamar yadda nake a nan. Ya Fatakwal, ya kasuwar albasa, ya ruwan can da aka ce ba ya ɗaukewa? Allah ya sa ana samu. Tun da ka yi sakaci aka zare maka waya a tasha, ka mayar da ni zamanin takarda da biro. Malam Isa direban motar albasa na Aliero zan ba wannan wasiƙa, in ta iso tana wari ka yi kuka da shi.

Albishirinka. An zaɓe mu mu uku a ajinmu, ni da Amira da Nuraddeen, za mu tafi Tanzaniya mu yi wata uku muna aikin jinya a wani asibitin karkara tare da ɗaliban wasu ƙasashe. Mun je Birnin Kebbi an yi mana fasfo, an caka mana allurar rigakafin shawara, damtsena ya kwana biyu ba ya ɗaguwa. Akwai wata malama daga can da ke koya mana gaisuwar Suwahili ta kwamfuta, sai tana tsakiyar magana sabis ya ɗauke, fuskarta ta tsaya baki buɗe, mu yi ta zaman jira. Nuraddeen ya ɗauki abin da zafi, har awakin harabar makaranta yake gaidawa da yaren.

Sai dai ba dariya kullum ba. An yi hutu kowa ya watse, mu aka riƙe saboda shirin tafiya. Amira 'yar cikin gari ce, ana tashi take wucewa gida, Nuraddeen kuma ya hau babur sai Katanga. Ni kaɗai nake komawa ɗakin kwana, gadaje sun yi layi babu katifu, in dafa shinkafa in ci ina kallon bango. Da Gwaggo da ta rene ni na da rai ai da tuni ina Aliero, ta tara maƙwabta ta ce ɗiyarta za ta hau jirgin sama. Ina kewarta, Ɗalhatu, har ban san inda zan sa kaina ba.

Na je gida Kuberi in kai labari. Ka san yadda muke da Inna. Ni ce ta fari, ana yaye ni aka miƙa wa Gwaggo, kuma har yau bakinta bai taɓa kama sunana ba. In na shigo ta gabas, ta fice ta yamma. Don haka matarka Salima na zaunar a tsakar gida na ba ta labarin da ƙarfi, kamar mai tallan magani, don Inna ta ji daga inda take kaɗa nono. Ta ji kuwa. Ta dubi kaji ta ce Allah shi kiyaye hanya, ban sani ba ko da ni take ko da su.

To, ga dalilin wasiƙar. Da ta miƙe na ga ƙafafunta sun kumbura, takalmin roba ma ba ya shiga. Salima ta ce kullum da ciwon ƙeya take tashi, tana ganin jiri, har ta taɓa zubar da ƙwarya a hanyar Maiyama. Ita Inna ta ce sanyin damina ne, jiƙo take sha. Ni kuwa abin da ake koya mana ke nan, ina tsoron hawan jini ne, irin wanda ke kayar da mutum rana tsaka ya shanye masa ɓarin jiki. Dole a auna ta. Kai ne ɗan lelenta, kai kake zama a tabarmarta ka sa hannu a akushinta. Don Allah ka aika mata ta je asibiti. Ba zan iya hawa jirgi in bar ta haka ba.

Ka gaida abokan sana'arka. Allah ya dawo da kai lafiya.

Yayarka,
Hidaya.


Jega.
Watan Agusta.

Ɗalhatu,

Sallama da gaisuwa, da fatan kana cikin ƙoshin lafiya kai da mutanen da kake zaune da su. Ni dai jiki lafiya lau, zuciya ce sai a hankali.

Na samu saƙonka na baka daga Malam Isa, wai Inna ta saba, in yi tafiyata. Sannu likita. Na kuma ji ka ari waya ka kira Salima kun sha hira, ni kuwa da na cika maka takarda, kalma biyar ka ga ta dace da ni. Salima ta ce ka yi wa Inna maganar sama-sama, ta ce maka ita lafiyarta ƙalau, ka ce to madalla. Da kana kusa da sai na murɗe maka kunne, gemunka bai dame ni ba.

Da na ga haka sai na ce bari in yi da kaina, kuma na ɓata lamarin. Na ari na'urar awon jini a makaranta na ɗauki Amira muka tafi Kuberi, babur na ta kafewa a laka. Ashe ranar ake suna a maƙwabta, mata sun cika gidanmu ana rabon tuwo, har da dangin Baffa mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, waɗanda suka zo daga Sarandosa. Mai hankali zai jira taro ya watse. Ni kuwa da na hango Inna zaune ta dafe kai, sai komai ya kwance mini. Na ratsa matan nan na zauna a tabarmarta, na ce Inna kawo hannunki, na kai hannu zan kama.

Ɗalhatu, duk matan suka juyo suna kallonmu. Sai wata tsohuwa daga Sarandosa ta tafa hannu ta ce yau ga abin da boko ya kawo, ɗiyar fari a tabarmar uwa. Aka fashe da dariya, wasu har da guɗa ta tsokana. Inna ta fizge hannunta tun yatsuna ba su kai ba, ta ja mayafi ta rufe fuska ta shige ɗaki. Ba ta ƙara fitowa ba har muka tafi, kuma Salima ta ce ko tuwon sunan ba ta taɓa ba. Amira ta yi sallama a bakin ƙofa ta ce ita baƙuwa ce, a bari ta auna. Inna ta amsa mata gaisuwa da mutunci, ta ce ta gode, ba ta buƙata.

Na kunyata ta a gaban dangin mijinta, na sani. Amma ka faɗa mini, me zan yi? Abin da ya fi ƙona mini rai, washegari darasinmu a kan girmama al'adar majinyaci ne. Malamar Tanzaniya ta ce kada mu taɓa tsohuwa a can sai mun gaishe ta da gaisuwar manya, mu nemi izini, mu lura da waɗanda ke wurin. Amira ba ta dube ni ba, Allah ya saka mata da alheri. Na zauna ina rubutawa, ina tunanin an shirya ni tsaf in kula da iyayen wasu a wata duniya, tawa uwar kuwa ko hannunta ban san ɗuminsa ba.

Ba na ƙin al'adarmu. Na san kara ce, na san ita ma haka aka yi mata. Amma akwai ranakun da nake jin haushinku, kai da sauran, da kuka same ta a sauƙaƙe. Na faɗa, kuma ba zan janye ba.

Na sami shugabar sashenmu na ce mata wataƙila in fasa tafiyar. Ta cire tabarau ta dube ni ta ce in je in yi tunani, akwai masu jiran gurbin. Na aika wa Salima ta faɗa wa Inna haka: in ba a auna ta ba, ba inda za ni. Ba barazana ba ce, iyakar gaskiyata ke nan. Jakata na nan a buɗe a kan gado, na kasa cika ta na kasa kwashe ta.

Ka sa mu a addu'a. Na gaishe ka duk da haushinka da nake ji.

Yayarka,
Hidaya.


Jega.
Watan Satumba.

Ƙanena abin alfaharina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaisuwa, ina tambayar lafiyarka da ta kasuwa. Allah ya sa wannan ta same ka cikin alheri. Ka zauna kafin ka karanta.

Kafin tafiya an tura mu asibitin cikin gari mu ƙara gogewa, ni da Amira aka ba mu teburan awo a ɓangaren masu zuwa ganin likita. Ranar kasuwa wurin ya cika maƙil. Ina cikin aiki na ɗaga kai, sai na hango Salima a bakin ƙofa riƙe da ƙwaryar nono, tana yi mini alama da ido. Na duba layi. Inna ce, cikin shuɗin mayafinta na zuwa unguwa, da kati a hannu. Layin Amira ya fi gajarta, ma'aikaci ma ya nuna mata can, ta yi kamar ba ta ji ba ta tsaya a nawa.

Na auna mutanen da ke gabanta, amma kada ka tambaye ni fuskokinsu. Da layi ya zo kanta ta zauna a kujera, ta sauke mayafi har kan hanci, ta gaishe ni da sannu da aiki malama, kamar yadda kowa ke yi. A nan na gane yadda take so a yi. Na amsa, na ce sannu Hajiya, ya jiki, ko zan iya ganin hannunki. Ta miƙo.

Hannunta ba shi da nauyi, Ɗalhatu. Tafin ya yi kanta, akwai wani tsohon tabon ƙuna a wuyan hannun da ban taɓa sanin tana da shi ba. Na ɗaura na'ura na matsa. Jinin ya hau sosai, yadda na ji tsoro har ma ya fi. Na sa yatsu ina ƙirga bugun jijiya, na ƙirga na ɓata, na sake, ita kuwa tana kallon kalandar bango ba ta ce in yi sauri ba. Na yi mata tambayoyin da ake yi wa kowa, ta amsa duka ba ɓoye-ɓoye, har da abin da ba ta taɓa faɗa wa Salima ba, cewa wani lokaci hannun hagunta na mutuwa.

Na raka ta wurin likita da kaina. Ya ce an zo a kan gaɓa, ya rubuta magani da gwaje-gwaje, ya hana ta gishiri da kanwa, ya ce ta riƙa dawowa duk wata. Salima ta karɓi ragamar maganin. Kai kuma aikinka ka sayi waya ka riƙa tambaya, in ka yi wasa zan ji labari ko ina ƙasan teku.

Da suka karɓo magani ta dawo ta tsaya a gaban teburina, har yanzu idonta na wani wuri. Ta ce malama, akwai wata ɗiya ta wajensu da ke karatu a nan, an ce za ta tafi ƙasa mai nisa, ko na san ta. Na ce na san ta. Ta ce to in faɗa mata ta tafi, kada ta fasa, za a sha magani yadda aka ce. In faɗa mata ta riƙa cin abinci, don an ga ta rame. In faɗa mata ba a yi fushi ba, kuma ana sa mata albarka dare da rana. Na ce in sha Allah zan isar da saƙo. 

Ta juya ta tafi a hankali, Salima na biye da ita. Ba ta waiwayo ba, ni ma ban bi ta ba, ga layi na jirana. Jibi za mu wuce Abuja, daga can sai jirgi, kuma na san ba za ta zo tasha ba.

Dokar aikinmu ce, in ka gama da majinyaci ka wanke hannu kafin ka taɓa na gaba. Bayan fitarta na je gaban famfo na tsaya, na daɗe a tsaye, har Amira ta ja mutanen layina zuwa nata. Daga baya na buɗe ruwan.

Ka kula da kanka, ka kula mini da ita. Allah ya sada mu da alheri.

Yayarka mai ƙaunarka,
Hidaya.