Sunan da Na Kira a Kan Ganuwa

Litinin, 2 ga Satumba 2024, Malanbil

Biza ta fito. 'Yata Rahina ta shigo da takardar tana guɗa, sai ka ce ita ce za ta hau jirgin. Na ce ta rufa mini asiri, maƙwabta na ji.

Laila ce ta aiko da tikitin, matar ɗana, ba shi ba. Wannan na lura da shi. Ɗan farina ne, kuma tun da ya tafi Faransa karatu bai sake taka garin nan ba. Ko da ubansa ya rasu waya kawai ya yi. Abu guda zai kai ni: in ji daga bakinsa cewa zai zo gida, ya tsaya a kan kabarin ubansa ya yi masa addu'a. Ba yawon buɗe ido zan tafi ba, da tsufana.

Alhamis, 5 ga Satumba

Na damƙa wa Rahina rumfar albasa. Sabuwa, mai shinkafar da ke jikin rumfata tun muna 'yan mata, ta ja ni gefe. Wai, "Jariatu, in kin tahi ki riƙa yi mishi magana. Kada ki zamna kina kallon bango awa baƙuwa."

Magana kamar me? Ɗan fari ne. Ba a kiran sunansa, ba a wasa da shi, ba a nuna shi a gaban mutane. Haka uwata ta yi wa yayana, ba wanda ya mutu. Ina yaye shi Inna ta ɗauke shi zuwa ƙauyenmu Garu, can ya girma cikin ƙannena, shi ya sa har yau Yaya yake ce mini yadda suke faɗa. Ina son yaron nan, Allah ne shaida. Amma wannan ba abin faɗa ba ne.

Na ɗaure gabu da kuka da daddawa. Rahina ta ce 'yan duwan na can, masu binciken kaya, za su zubar. Su gwada.

Lahadi, 8 ga Satumba, Kwatano

Mota tun daga gida har nan, ƙafafuna sun zama kamar turmi. Gobe jirgi.

Talata, 10 ga Satumba, Faransa

Na gan shi. Ya yi furfura a gefen kunne, ba wanda ya gaya mini.

Ya durƙusa a tsakiyar mutane ya gaishe ni, Turawa na ratsa mu. "Yaya, kin sha hanya." Na ce lafiya lau, na kawar da kai. Ya ɗauki jakata ya yi gaba. Laila kuwa rungume ni ta yi har kallabina ya zame. Tana da ciki, ya fito sosai. A nan aka haife ta, iyayenta mutanen Doso ne, Hausarta ba ta kai ta kasuwa ba, sai muka koma Zabarmanci.

Daddawa ta tsira.

Juma'a, 13 ga Satumba

Na yi tuwo da miyar kuka. Ya ci, ya ƙara. Na ji daɗi har wuya.

Na ga dama ta samu, na ce, "Laila, tambayi mai gidanki ko ana ba su hutu da Layya." Yana zaune ga shi ga ni. Ya dubi Laila ya amsa mata da Faransanci, wai aiki ya yi yawa, za a gani. Ita kuma ta juya mini. Mu uku a tebur guda muna aike.

Gidan nan shiru. Ba akuya, ba mai talla, ba ko kabu-kabu. Na yi kewar hayaniyar bakin gada da nake zagi kullum.

Lahadi, 15 ga Satumba

Raina a ɓace yake yau. Muna tsinkar alayyafo Laila ta ce mini, a hankali, wai mijinta yana cewa ban taɓa kiransa ba, ko sau ɗaya. Wai abin na cin sa, shi ya sa ko ta yi maganar zuwa gida sai ya tashi.

Na ce mata yarinya, ke a nan aka haife ki. Shi kuwa ya san abin da ya sani. Ai ba a daji ya girma ba.

Ta ci gaba da tsinkar alayyafo. Ba ta da laifi, yarinyar kirki ce. Amma in zauna da furfurata in kira sunan ɗan fari don a ji daɗi? Ban yi ba ina 'yar shekara sha takwas.

Laraba, 18 ga Satumba

Ruwa tun safe. Bai yi mini maganar ba, ban yi masa ba.

Asabar, 21 ga Satumba

Bari in rubuta tun abin yana sabo.

Laila ta matsa sai an kai ni ganin wani tsohon gidan sarauta a bakin gulbinsu, Luwar. Shato suke cewa. Na ce me zan gani a gidan mutane, amma na sa lufayata muka tafi.

Gaskiya gida ne. A kan dutse aka ɗora shi, da farin dutse aka gina shi, ganuwarsa mutum uku za su jera a kanta. Rami ya kewaye shi, sai an bi ta wata 'yar gada. Gulbin yana ƙasa, ruwan ya janye, rairayi a tsakiya. Abin da ya ba ni mamaki, ba kwalekwale, ba mai wanki, ba mai su, ba yaro ko ɗaya yana iyo. Ruwa har ruwa, an bar shi yana tafiya shi kaɗai. Na ce in azahar ta yi zan gangara in yi alwala. Nan take mijin Laila ya juyo: "A'a Yaya, kada ki kuskura. Rairan ga na haɗiye mutane." Rabona da ya yi mini magana mai tsawon wannan na manta.

A bakin ƙofa na yi sallama. Ya ce ba kowa, masu gidan sun mutu tun ɗaruruwan shekaru. Na ce ai ko maƙabarta ana yi mata sallama. Na sake yi, sannan na shiga.

Laila ta zauna a lambu saboda nauyinta, wayata na cikin jakarta tunda a nan ba ta aiki. Mu kuma muka bi ayari, wata budurwa na gaba tana bayani. Ɗaki bayan ɗaki. Tagogi sirara na harbin kibiya. Rigunan ƙarfe a tsaye ba mutum a ciki. An kai mu har ɗakin kwanan matar sarki, an gitta igiya, kowa na ɗaukar hoton gadonta. Ni dai na sunkuyar da kai, baiwar Allah. Gidan ya ba ni tausayi. An share, an goge, ba ko tokar jiya.

Madafar ce ta riƙe ni. Murhun, sa guda zai shiga ya juya. Na tsaya ina lissafin matan da suka ƙone a gabansa, da yawan albasar da gida irin wannan zai ci a mako. Ina ɗaga kai, ba kowa. Sai wasu baƙin fuska suna shigowa.

Ƙofa biyu ce. Na bi wadda na zaci sun bi. Ashe matakala ce mai murɗewa, ƙunci, duhu, mutane a bayana ba halin juyawa. Na yi ta hawa ina salati har na fito sarari. Kan ganuwa ne, can ƙololuwa. Iska kamar za ta ɗauke ni. Gwiwoyina suka ce sun gama aiki, na dafa dutse na leƙa.

Sai na hango shi. Ƙarami, can ƙasa a tsakar gida, yana gudu. Ya tari wannan, ya tari wancan, yana nuna tsawona da hannu. Ya shiga wata ƙofa ya fito. Ya ɗora hannu biyu a ka. Mutum mai furfura! Daga nan ya tsaya cak, ya juya, ya fita ta gadar nan a guje ya nufi gangaren gulbi. Na gane. Azahar ta yi, ya ɗauka na tafi alwala.

Na ce, "Kai!" Iska ta kwashe. "Kai yaron ga!" Turawan da ke kusa suka waiwayo, shi bai ji ba. "Mijin Laila!" Ko gezau. Ya isa bakin ruwa, na ga ya yar da rigar sanyinsa, yana fizge takalmi. Rairayin da ya hana ni, shi zai shiga.

Ban yi shawara da kowa ba, ko da kaina. Muryar da nake kiran masu kura da ita daga wancan ƙarshen kasuwa, ita ta fito.

"Zahiru!"

Ya tsaya, takalmi ɗaya a hannu. Na sake, har maƙogwarona ya yi zafi. Ya ɗaga kai yana nema, na kaɗa masa bakin lufaya.

Da ya iso sama numfashinsa ba ya haɗuwa, ƙafar wandonsa jiƙe. Ya zube kusa da ni a kan dutse. Na jira faɗa, don na cancanta. Sai ya ce, "Yaya, mi kinka ce?"

Na ce, "Ka ji ai."

"Sake hwaɗi."

"Ba ni sakewa. Ga mutane."

Ya yi dariya, dariyar ta juye ta zama wani abu, ya rufe fuska da hannu. Can ya ce, sa'ad da yake Garu, in na zo ganin Inna yakan laɓe a bayan rumbu yana saurare. "Kina kiran Rahina, kina kiran ƙannenki, har akuyar Inna kina kira da sunanta. Na ɗauka nau mantawa kike yi."

Na ce, "Kwana biyu ina naƙudarka, in manta? Kunya ce, ba ƙi ba. Kai ma ka sani."

Ya ce, "Yanzu na sani. Wancan yaron na bayan rumbu bai sani ba."

Na ga wuyan rigarsa ya karkace, na miƙa hannu na gyara masa. Muka zauna muna kallon gulbin har wata ma'aikaciya ta zo tambaya ko lafiya. A saukowa shi ne a gaba, da baya da baya, yana riƙe da hannuwana biyu.

Sai da muka shiga mota na tuna ban yi maganar Layya ba.

Lahadi, 22 ga Satumba

Ko banɗaki da dafa bango nake zuwa. Ya kawo man zafi ya ba Laila ta shafa mini, sai ya karɓe ya shafa da kansa. Na bar shi.

Alhamis, 26 ga Satumba

Ya tambaye ni yadda ubansa ya cika. Na ba shi labari duka, har da wanda ban gaya wa Rahina ba. Ya tambayi a ina aka sa shi, na ce gefen hanyar Gene, kusa da wata tsamiya. Ya ce tsamiyar tana nan har yanzu? Ashe ya san ta.

Ban sake kiran sunan ba. Shi ma bai sake roƙo ba. Amma yanzu in zan yi magana shi nake kallo, Laila ta huta da aike.

Laraba, 2 ga Oktoba

Filin jirgi. Laila ta yi kuka, na ce ta bari, ba kyau ga mai ciki. Ya riƙe jakata har inda aka hana shi wucewa. Na riga na haƙura, na ce a raina abin da na samu ma ya isa.

Sai ya ce, "Yaya, in Laila ta sauka lahiya, muna tahe da Layya, mu uku. A samo rago mai kyau, ba irin na Rahina ba."

Na ce Allah ya kai mu. Na yi sauri na shige, don akwai mutane.

Juma'a, 11 ga Oktoba, Malanbil

Gulbi ya cika har gonakin shinkafa, kwalekwalen Gaya na ta kai da kawowa. Na tsaya na kalle su kafin in shiga kasuwa. Rahina ta yi ƙoƙari, sai dai ta bar buhu guda ya tsiro.

Sabuwa ta taso da guɗa, ta ce in ba ta labarin ƙasar Turawa. Na gaya mata gidan dutse, da murhun, da gulbin da ba mai wanki. Ba ta yarda da na gulbin ba. Na kan ganuwa ban faɗa ba, ba na kasuwa ba ne.

Ta ce, "To ya kinka baro wancan?"

Ina auna wa wata mata albasa na ce, "Zahiru na nan lahiya, shina tahe da Layya."

Sabuwa ta saki mudu ta kama baki. "Jariatu! Can kinka baro kunyarki?"

Na ce tuntuɓen harshe ne, gajiyar hanya ce ba ta sake ni ba. Kuma haka ne. Da la'asar ma na sake yin tuntuɓen, da magini ya tambaye ni ɗakin wa za a yi wa sabon daɓe.