Jan Irin Guna

Damagaram, 6 ga Afrilu

Zuwa ga Yaya Kellu,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kina lafiya, da maigida Malam Mahamud, da yara, da zafin Diffa. Mu nan Birni lafiya lau, sai gwiwar Inna.

Na rubuto ne don a waya ba kya bari in kai ƙarshen zance. Aikin da mijinki ya nema mini na kama. Ni ke tsaron magaza, wato ɗakin ajiya, a proje ɗin taimakon manoma. An ba ni mabuɗi, da kujera mai gurguwar ƙafa, da shef, wato mai gidana a wurin aiki, Mushe Kolo, mai gaishe ni da Faransanci ya zage ni da Hausa. Shekara tara ina awon hatsi a kasuwar Dole ba wanda ya ce mini mushe, wato malam a bakin 'yan Faransanci. Yanzu har mai shayi yana faɗa. Inna ta gaya wa unguwa duka ɗanta ya shiga biro, ya zama ɗan ofis. Ki yi wa Malam godiya.

Ƙanenki,
Suma'ila

Damagaram, 11 ga Mayu

Yaya Kellu,

Bayan gaisuwa, ya jikin autarki? Allah ya ƙara sauƙi.

An kawo buhu ɗari biyu na irin hatsi da za a raba wa manoman ƙauyen Guna kyauta, duk an shafe shi da jan magani. Sai na sa hannu cewa iri ne mai kyau kafin ya fita. Kin san halin ɗan kasuwa, na zura hannu har gindin buhu, na ɗebo na wanke. Yaya, tsohon hatsi ne, ƙwaro ya gama huda shi. Na naɗe ƙwaya ɗari a jiƙaƙƙen tsumma. Kwana huɗu, goma sha huɗu suka tsiro.

Ba zan yi miki wa'azi ba, ni ma na sha binne tsoho a ƙarƙashin sabo. Amma wanda na cuta ya ci tuwo marar daɗi, ya zage ni, ya ƙoshi. Wannan in an shuka ba ya fita, in an daka maganin ya kashe mutum. Shekarar mutane ce ɗungum.

Na kai wa Mushe Kolo tsumman. Ya dube shi kamar na ajiye masa mushen ɓera a tebur. Ya tambaye ni a wace lakwal na karanta aikin gona, ya tuna mini ta hannun wa na shigo. Ya ba ni wa'adi zuwa Litinin in sa hannu. Kada ki gaya wa Malam tukuna.

Naki,
Suma'ila

Damagaram, 2 ga Yuli

Yaya,

Ina gaisuwa. Na san gidanki ba daɗi saboda ni, ki yi haƙuri.

Abin da aka gaya wa Malam gaskiya ne, ban sa hannu ba. Ranar Litinin kafin azahar an karɓe mabuɗi, direban proje ya sa hannu a madadina, mutumin da bai san hatsi da dawa ba sai a tuwo. Abin da ba a gaya masa ba shi ne na hau babur na tafi Guna, na shimfiɗa wa maigari tsumman a gaban dattawa. Ya sa aka dama mini fura, ya yi ta sa mini albarka. Sannan ya ce in suka mayar da kyauta bana, baɗi za a tsallake garinsu. Suka karɓa har da guɗa. Da yawa sun riga sun cinye irin da suka ajiye, tunda an yi musu alkawari. Suka yi binne, shukar kafin ruwa, sannan ruwa ya sauka mai kyau. Na koma na gani da idona: gona fili, nan tsiro ɗaya, can ɗaya. A takardar proje an rubuta ƙarancin ruwa.

Ban ceci ko kunyar gona ɗaya ba, Yaya. Na dai rasa kujera. Na koma Dole, abokai suna kirana mushe suna dariya. Inna ta daina zuwa suna a unguwa.

Saƙon Malam ya iso, cewa Mushe Kolo zai mayar da ni in na rubuta cewa gwajina kuskure ne, na nemi gafara. Na gode masa, na san kunyar da ya sha. Ban ce ban yi tunani ba, har takarda na saya guda biyu, na zauna da alƙalami. Ɗayar ita ce a hannunki. Ɗayar na naɗe wa Inna goro a ciki.

A gaida yara.

Ƙanenki,
Suma'ila