Ƙoƙon da Dogo Ya Jefa a Tabki

Madarumfa, farkon damana, 1951

Zuwa ga matata Inde, a gidan Baba Kanta, Safo.

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya gajiyar hanya, yaya kuma jikin ƴarmu Nana? Ki gaishe mini da Baba da mutanen gida duka. Ni lafiya lau nake, ƙafar ma ba ta sake buɗewa ba.

Kada ki yi mamakin takarda. Hannuna ne, karatun da na koya cikin wata bakwai da na yi ina jinyar gyambo a gidan maganin mishan na Tsibiri. Na ba masu jakai su kai wa Garba tsohon soja, shi zai karanta miki. Garba, don Allah ka karanta yadda na rubuta, kada ka rage komai ko da mutane a wurin.

Yau kwana goma sha ɗaya da tafiyarki, ban kuma yi barci mai daɗi ba. Ina so in faɗi abin da na yi da bakina, tunda a gaban jama'a na yi shi. Na shiga ɗakinki kina wajen rijiya, na ɗauko ƙoƙon da innarki ta bar miki, wanda kike zuba wa iskar gidanku Doguwa nono a ciki. Kika biyo ni har bakin tabki kina kira. Na sa dutse a ciki na jefa shi inda ruwa ya fi zurfi, mata masu sayen kifi suna kallo. Na kuma ce gidan mai bin Almasihu ba wurin zaman irinki ba ne. Na san abin da ƙoƙon nan yake a wurinki. Ƴaƴa biyu muka binne kafin Nana, kuma kin sha gaya mini ƙoƙon ne ya tsayar mana da ita. Da zazzaɓi ya kama ta kwana uku bayan haka, kika goya ta kika fita da rana tsaka, ban ko iya ɗaga kai ba.

Abin da ba ki sani ba shi ne tsoron da nake ciki. Tun da na dawo da wannan bangaskiya, Illo, wanda ya riga ni bi da shekara biyu, yake ce mini mai bi da mai tsafi ba su cin tuwo a akushi ɗaya, in ban rabu da ke ba baftismata ta tashi a banza. Shi ya sa kika ga na daina cin girkinki. Ina jin ƙamshin miyar kukarki ina haɗiyar yawu, ina ce wa kaina ibada nake. Ba don in ɗora wa Illo nake faɗa ba, hannun da ya yi jifa nawa ne.

Gobe zan tafi Tsibiri in tambayi wanda ya fi mu sani. Ki aiko mini labarin Nana ko da ta bakin masu jakai ne.

Mijinki,
Dogo


Madarumfa, bayan noman fari

Zuwa ga Inde, uwar Nana.

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku. An ce mini zazzaɓin yana sauka yana dawowa, kuma ta ƙi fura. Ki gwada mata kunun tsamiya, kin san tana son abu mai tsami. Ga busasshiyar tarwaɗa nan na ɗaure cikin tsumma, ta romo ce.

Na je na dawo. Na sami dattijo Abarshi, kin tuna shi, mai furfurar nan da yake wanke mini ƙafa, shi ne kuma ya koya mini baƙaƙe. Na kwashe komai na gaya masa. Na zaci zai yaba mini. Sai ya ce, “Dogo, ranar da aka kawo ka nan ƙafarka tana wari, wa ya jawo jakin?” Na ce ke ce. Ya ce, “A lokacin tana bin Almasihu?” Na ce a'a. Ya ce, “To, Allah bai ji ƙyamar aiko ta ba, kai ne za ka ji ƙyamar tuwonta?”

Ya buɗe littafi ya karanta mini, ya kuma sa na bi da yatsana don kada in ce shi ya ƙirƙira. Ga yadda na fahimta. Mai bin da bai yi aure ba tukuna, ana yi masa gargaɗi ya nemi wadda za su durƙusa wuri ɗaya, wannan shi ne abin da Illo ya ji rabinsa. Amma wanda bangaskiya ta tarar da shi da matarsa, aurensa aure ne, ba a kwance shi ba. In matar ta yarda ta zauna da shi, ba shi da izinin korarta, kuma zamansu ba ya ɓata shi, ba ya ɓata ƴaƴansu. In kuwa ita ce ta ce ba ta iyawa, kada ya ɗaure ta, ya bar ta ta tafi lafiya. Na ce to yaya zan yi ki bi abin da nake bi? Ya ce wannan ba aikin hannuna ba ne, aikina in zama mijin da za a iya zama da shi.

Inde, na yi kuka a gaban tsohon nan kamar ba magidanci ba. Ashe abin da na yi don in gamshi Allah, shi ne abin da ya hana.

Saboda haka maganar tana hannunki. Ba zan ɓoye miki ba, ina nan kan bangaskiyata, kuma kullum zan riƙa roƙon wata rana ki ga abin da na gani. Amma ba zan sake taɓa kayan ɗakinki ba. Ƙoƙon na neme shi, kwana biyu ina nutso da jan taru a wurin, laka kawai nake fitarwa. Ba zan iya maido miki shi ba. Na noma gayaunarki tare da tawa, wakenki ya fito da kyau. Kajinki kuma sun raina ni, ba su shiga akurki sai sun ga dama.

Naki,
Dogo


Madarumfa, tsakiyar damana

Zuwa ga Inde.

Ina gaishe ki, ina gaida Nana, Allah ya ba ta sauƙi. A durƙusa a gaida mini Baba.

Saƙon Baba ya iso. Ya ce in kawo baƙar akuya in yanka da hannuna a gindin tsamiyar gidanku, Doguwa ta huce, yarinya ta tashi, sannan in ɗauki matata. Kwana huɗu ina juya maganar. Har na je kasuwa na tsaya wajen masu awaki na taya wata, sannan na juyo.

Ba zan iya ba, Inde. Ba raini ba ne. Baba ya ba ni ke ba ni da komai sai gora da komar kamun kifi, ban manta ba. In ya ce in yi masa noma damana uku, zan yi. In ya ce in zo in kwanta a ƙasa a gaban dangi in nemi gafara, gobe zan zo. Amma in na yanka akuyar nan zuciyata ba ta yarda ba, na yi wa Allah ƙarya, na yi wa Baba ƙarya, ke kuma kin koma gidan maƙaryaci. Kamar yadda ba zan sa ki durƙusa inda ba ki yarda ba, ina roƙo kada a sa ni.

Na san wannan takarda tana iya raba mu. Safe da yamma ina kiran sunan Nana a addu'a. In kin ce kin gama, ba zan kai ki ƙara wurin kowa ba, zan aiko miki kayanki da hatsinki. Amma gaskiya ba na so. Shekara tara ban taɓa sanin gidan nan yana da faɗi haka ba.

Mijinki har yanzu,
Dogo


Safo, ranar Talata

Zuwa ga maigida. Ni ce Inde nake faɗa, Garba yake rubutawa.

Ina gaishe ka, yaya ruwa, yaya ƙafa? Baba ya amsa gaisuwa, ko da yake ciki-ciki.

Nana ta tashi. Jiya ta cinye tuwonta ta sa hannu a nawa. Maganar akuya kuma ta wuce. Baƙar akuyata da ke wurin gwaggo na ba Baba ya yanka. Tawa ce, abin da na yarda da shi ne, ba ruwanka a ciki, kada kuma ka ce za ka biya ni. Kai za ka ce addu'arka ce, ni na ce akuyata ce. Yarinya dai tana wasa a tsakar gida.

Takardunka uku na sa an maimaita mini su. Ta ƙarshe ta ba Baba haushi, amma da ya huce ya ce mutumin da ya ƙi yin ƙarya don ya sami matarsa ba zai yi ƙarya don ya rabu da ita ba. Ni abin da ya tsaya mini shi ne da ka ce maganar tana hannuna. Na ɗauke ta kuwa, na yi kwanaki ina aunawa.

Zan dawo. Amma ka ji. Ƙoƙon inna ban yafe ba tukuna, kada ka matsa mini, zai zo da lokacinsa. Abin da ke ɗakina nawa ne. Ranar Lahadi ka yi waƙoƙinka, ba zan yi daka kusa ba. In Nana ta bi ka kada ka kore ta, in ta bi ni kada ka hana ta. Illo ya shigo ya ci tuwona in yana so, in ba ya so ya tsaya a zaure. Ka kuma gaida mini tsohon nan na Tsibiri, ka kai masa kifi mai kyau.

Kada ka aiko kowa. Ka zo da kanka ranar Juma'a, da jaki, da rana tsaka. Ba ta bayan gari za mu shiga ba. Ta bakin tabki za mu bi, lokacin da mata suke sayen kifi, kai kana jan jakin.

Ka zo da yunwarka, zan yi miyar kuka.

Matarka,
Inde