Biyar ɗin da Na Ba Jelmer

Anti Roelien, don Allah ki taimake ni, zuwa Juma'a ake jiran amsata.

Watanni uku ke nan da na gama digiri. Ina cikin shirin ɗalibai masu hazaƙa na jami'armu. Mu ashirin da huɗu aka ɗauka, ashirin da uku muka gama. Wanda bai gama ba sunansa Jelmer, kuma ni ce sanadi.

A shekara ta biyu aka raba mu huɗu-huɗu don aikin bincike. A ƙarshe kowa zai ba abokansa maki cikin goma, a ɓoye. Wanda matsakaicin makinsa ya gaza bakwai, sai a sallame shi daga shirin. Taro goma sha ɗaya muka yi, Jelmer bai zo huɗu ba, babinsa na binciken ya makara da kwana tara. Na ba shi biyar. Daga baya sauran biyun suka gaya mini takwas da bakwai suka ba shi. Ya tashi da shida da ɗigo bakwai. Da shida na rubuta, da ya tsira.

Kuma na san dalilinsa, Anti. Mahaifinsa ya samu shanyewar ɓarin jiki a garinsu Dokkum, kullum Jelmer na kan hanya. Ni kaɗai ya gaya wa, muna cin burodi da cuku a kan matakala, ya roƙe ni kada kowa ya ji. Takardar ba da makin kuwa ba ta da gurbin dalili. Ya zo ko bai zo ba, abin da ta tambaya ke nan. Yakan tsokane ni da Malama Sikeli, na kuwa auna shi.

Bai sake shigowa ba. Koren kekensa ya yi wata goma sha huɗu ɗaure a ƙofar sashenmu, tayoyin suka sace, sai da hukumar gari ta yanke sarƙar. Har yau in na wuce sai na kalli gurbin. A hoton bikin gamawa nakan ƙirga kawuna, ko da yake na san adadin.

Yanzu Dakta Veenhuizen, shugabar shirin, tana haɗa rahoton ci gaba. Burinta a faɗaɗa wannan tsarin ba da maki zuwa kowane darasi, kuma ta ce in rubuta shafi guda a kan yadda ya amfane mu, wai ni ce ba ta taɓa kamawa da kuskure ba. Ita ce kuma ke rubuta mini takardar shaida ta digiri na biyu. Me zan rubuta?

Ɗaya daga cikin ashirin da uku

Ƙanwata,

Ba ki yi ƙarya ba, kuma kin riƙe amanarsa. Ba ke kika kafa dokar bakwai ba. Ki ajiye wannan a gefe guda.

A ɗaya gefen, kin san abin da takardar ba ta sani ba. Kina iya zuwa wurin malami ki ce akwai dalili, a kira shi a tambaye shi, ba tare da kin tona komai ba. Ba ki je ba, shi ne abin da ke bin ki.

Kada ki rubuta yabo. Kada kuma ki rubuta labarin mahaifinsa, ba naki ba ne. Ki rubuta cewa maki ɗaya na ɗaliba ɗaya ya fitar da mutum, ba wanda ya kira shi ya ji ta bakinsa, kuma ke ce ɗalibar. Ki nemi a sa gurbin dalili kafin a faɗaɗa komai. Shugabar da ta zaɓe ki don ba kya kuskure za ta iya jure gaskiyarki. In ta kasa, akwai wasu malaman da za su yi miki shaida.

Amma kafin Juma'a ki rubuta wa Jelmer, kada ya ji a bakin wani. Layi biyar sun isa. Kada ki roƙi yafiya, wannan ƙarin aiki ne a kansa. Wataƙila ya amsa, wataƙila ba zai amsa ba. Ki fara da tambayar jikin mahaifinsa.

Ina miki fatan samun sauƙin zuciya.

Anti Roelien